Agogo Biyu da Karon Taurari

Tasi'u ya fara ganin Khaulat ne wata Talata da rana tsaka, lokacin da aka ɗauke wuta a Sabon Garin Wudil. Yana zaune a shagonsa na kayan sola yana gyaran wata inbata, sai ga budurwa ta yi sallama ta shigo da sauri, rungume da kwamfuta, mayafinta na neman zamewa. Ko gaisuwa ba ta kammala ba ta roƙe shi ya ara mata soket na minti ashirin.

Ya nuna mata, ya tura mata benci, sannan ya tambaye ta ko lafiya.

"Lafiya lau. Ana zaton taurari biyu sun yi karo."

Tasi'u ya leƙa waje ya ɗaga kai. Babu komai a sama sai rana da wata shirwa tana shawagi ta wajen kogi. Ya dawo ya zauna.

Yana satar kallonta ya lura da abu biyu. Na farko, tana cije leɓe idan tana rubutu. Na biyu, agogon kwamfutarta yana nuna sha biyu da minti goma, alhali na bangon shagonsa yana kan ɗaya da minti goma. Ya yi niyyar gaya mata, sai ya ga bai dace ba mutum ya fara magana da budurwa da gyara. Ya bar zancen, har ya manta da shi.

Da ta gama, ta sauke numfashi ta ce ashe ba komai ba ne, na'urar ce ta yi kuskure. Sannan ta gyara mayafi ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi aiki da mutanen gida. Ta ce sunanta Khaulat Sabo, tana digiri na biyu a fannin kimiyyar sararin samaniya a jami'ar garin.

Ganin har yanzu yana leƙen waje, sai ta yi masa bayani a hankali. Idan babban tauraro ya mutu, wani lokaci yakan bar dunƙule guda, wanda faɗinsa bai wuce rabin tafiyar Wudil zuwa Kano ba, amma ya fi rana nauyi. Tauraron nutron ake ce masa. Idan biyu suka daɗe suna zagaya juna, ƙarshenta sai su haɗe. Akwai na'urori a ƙasashen waje da ke jin girgizar, su aiko da saƙo a waya. Daga nan sai gaggawa, a roƙi masu kula da na'urar hangen nesa da ke can sama su juya ta wajen. Hasken farko da ake nema, altarabayolet, ido ba ya ganinsa, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu yake dushewa. Na biyu shi ne eksire, irin wanda ake hoton ƙashi da shi a asibiti, shi kuwa yakan yi jinkirin fitowa. Ƙungiyarsu tana da mutane a ƙasashe da yawa, sun raba yini a tsakaninsu, kowa da lokacin gadinsa.

Tasi'u ya ce altarabayolet kam ya san shi, shi ke cinye robar waya a kan rufin kwano. Sauran kuwa sai an yi masa darasi na biyu.

Ta yi dariya, ta ba shi lambarta, wai ko da wuta za ta sake ɗaukewa.

Washegari da safe ya tura mata saƙo:

"Malamata, barka da asuba. Jiya na duba sama bayan magariba, duk taurarin suna nan lafiya, babu wanda ya bugi wani. Yaushe za a yi darasi na biyu?"

Ta amsa:

"Mai Sola, waɗanda nake nufi ba ka ganinsu. Darasi na biyu sai da izinin Baba. Gidanmu ne mai dogon yaro biyu a ƙofa, bayan masallaci."

Malam Sabo, mahaifinta, tsohon malamin gona ne mai son komai a kan tsari. Ya yi bincike a kan Tasi'u, ya gamsu, ya ba shi izinin zuwa zance a zaure bayan la'asar.

Wata huɗu suka yi a haka. Yakan kawo mata soyayyen kifin bakin gada, ita kuma ta zana masa taurari a bayan takardar da aka naɗo kifin. Har yau bai gane yadda abu ƙarami zai fi rana nauyi ba, amma ya gane cewa idan ta ce "ka gane?" ta karkata kai, zuciyarsa kan amsa kafin ƙwaƙwalwarsa.

Abu ɗaya ne ke damunsa. Sau biyu suna tsakiyar zance wayarta ta yi wani irin ƙara, ta miƙe ta ce ya yi haƙuri, ta shige gida. A garinsu idan budurwa ta tashi ta bar saurayi a kan tabarma, kowa ya san ma'anarsa. Ta yi masa bayani cewa lokacin gadinta ne, ya ce ya fahimta. Sai dai duk sau biyun, da ta dawo, sunan Ikrima ne a bakinta. Ikrima abokin karatunta ne, yana da babur da gilashin ido, kuma yana gane duk abin da take faɗa tun kafin ta ƙarasa.

Saura mako uku azumi, Malam Sabo ya kira Tasi'u. Cikin sanyin murya ya ce masa zance ya isa haka. Idan da gaske yake, manyansa su zo kafin a ga wata. Idan ba su zo ba, to a dakata, ba tare da ɓacin rai ba.

Tasi'u ya tafi Lajawa wajen mahaifinsa. Tsohon ya ce shi ba shi da ta cewa sai ƙanwarsa ta gani. Gwaggo Barakatu ita ta riƙe Tasi'u tun rasuwar mahaifiyarsa. Shekara talatin ta yi tana aikin unguwarzoma, rabin matasan Lajawa a hannunta suka faɗo, kuma ba ta yarda da labari sai ta gani da idonta. Da ta ji cewa yarinyar aikin taurari take yi, sai ta tambaya ko irin masu duba ne. Tasi'u ya rantse ba haka ba ne. Ta ce to wane iri ne? Ya fara bayani, ya rikice a tsakiya. Ta ce ya bari, za ta je Asabar.

Ya so a ce komai ya tafi daidai. A bayan kwamfutar Khaulat akwai takardar rabon gadi da ta manna, sai ya ɗauki hoton takardar ba ta sani ba. A gaban Asabar an rubuta sha biyu zuwa huɗu. Ya ji daɗin dabararsa, ya tura mata:

"Malamata, Gwaggo za ta zo Asabar da zarar kin tashi daga gadi. Kada ki damu da lokaci, na riga na tsara komai."

"Allah Ya kai mu, Mai Sola. Gabana sai faɗuwa yake. Wane irin zoɓo take so, mai citta ko marar citta?"

Ranar Asabar, huɗu da kwata, Gwaggo Barakatu ta yi sallama a gidan Malam Sabo. Khaulat ta ruɗe, domin ita biyar take tsammani. Ta sa hijabi a gurguje, ta jefa waya a aljihu tana addu'a, ta fito falo. Ta durƙusa ta gaida baƙuwa, kanta a ƙasa. Gwaggo ta dube ta da kyau, ta amsa da fara'a. Mahaifiyar Khaulat ta yi mata alama ta kawo ruwa.

Ta kawo, ta durƙusa, ta miƙa kofin da hannu biyu. Gwaggo ta miƙo hannu ke nan sai wayar ta yi ƙara.

Khaulat ta san wannan ƙarar. Ta duba da gefen ido, ta ga lambobin da shekara biyu take jira, masu nuna wannan karon na gaske ne. A wannan sa'ar kuwa babu kowa a kan gadi sai ita. Ta ajiye kofin a ƙasa, ta ce, "Gwaggo, don Allah a gafarce ni," ta tashi ta shige ɗaki.

Hannun Gwaggo ya tsaya a iska kaɗan, sannan ta mayar da shi kan cinya. Mahaifiyar Khaulat ta shiga ba da haƙuri, ita ma ba ta san yadda za ta bayyana abin ba. Aka yi minti ashirin ana hirar zafi da tsadar gero. Can sai muryar Khaulat ta fito ta taga, cike da murna: "Ikrima, ka gani kuwa? Sun karɓa, suna juya na'urar."

Gwaggo ta ɗauki jakarta. Ruwan yana nan inda aka ajiye shi.

A bakin titi, inda Tasi'u ke jiranta, ba ta yi faɗa ba. Ta ce yarinyar kyakkyawa ce, amma akwai wanda kiransa ya fi ƙarfin baƙo, kuma sunansa Ikrima. Ta ce ba za ta tura yayanta ya zubar da girmansa ba. Ta hau mota ta koma Lajawa.

Da magariba Tasi'u ya rubuta:

"Khaulat, wa ya kira ki? Lokacin ba na aiki ba ne."

"Lokacin aiki ne. Kai ka kawo ta da wuri. Na fito da zoɓo na tarar ta tafi."

"Ban kawo ta da wuri ba."

"To ni ban san me kake so in ce ba."

Kowannensu ya karanta saƙon ɗan'uwansa sau da yawa, kowanne ya san gaskiya ya faɗa, don haka kowanne ya rasa inda zai ajiye maganar ɗayan. Shi yana tunanin me zai sa ta yi masa ƙarya a kan abin da ya gani a rubuce. Ita tana tunanin ko da gangan ya yi, don ya gwada ta, ta zaɓa tsakanin aikinta da shi. Babu wanda ya sake rubutu.

A ɗakin bincike kuwa, hoton farko ya iso: ɗigo ɗaya mai haske a gefen wani gungun taurari. Washegari ya dushe. Rana ta uku babu shi. Hoton eksire ya zo fayau, babu komai. Ikrima ya ce ƙila ba zai fito ba. Khaulat ta tuna masa cewa wanda aka gani a shekarar 2017 sai da ya kwana tara kafin eksirensa ya bayyana. Tana faɗa tana duban wayarta, wadda ita ma ba ta ce komai ba.

Malam Sabo bai yi mata maganar ba. Kullum da safe dai yakan tsaya gaban kalanda ya daɗe.

Kwana takwas da faruwar abin, babur ya tsaya a ƙofar shagon Tasi'u. Ikrima ne. Ya yi sallama, ya ce inbatar ɗakin bincikensu ta tsaya, suna kuma jiran hotuna, an ce masa babu wanda ya kai shi iyawa. Tasi'u ya so ya ce ba shi da lokaci, amma bai saba mayar da aiki ba. Ya ɗauki jakar kayansa ya hau bayan mutumin da ya hana shi sukuni, suka tafi.

Khaulat ba ta nan, safiya ce. Gyaran bai ɗauki rabin awa ba, fis ne ya ƙone. Yana tattara kaya ya ɗaga kai ya ga agogo biyu a bango, ɗaya yana kan sha ɗaya, ɗaya yana kan goma. Shi mutum ne da ba ya iya barin abu a karkace. Ya jawo kujera ya hau, ya kai hannu.

"Malam Tasi'u, kada ka taɓa shi. Daidai yake."

"Yana baya da awa ɗaya."

Ikrima ya ce ai haka ake so. Agogon duniya ne, wanda duk ƙungiyar ke aiki da shi don kada na gabas da na yamma su saɓa. Na Najeriya yana gabansa da awa ɗaya. Duk abin da suka rubuta, da wannan agogon suke rubutawa.

Tasi'u ya tsaya a kan kujera. A hankali ya zaro wayarsa, ya nemo hoton takardar, ya miƙa masa.

"Wannan huɗun fa?"

"Biyar ke nan a wajenmu."

Ya sauko ya zauna a kan kujerar da ya taka, ko goge ta bai yi ba. Sai a lokacin ya tuna agogon kwamfutarta, ranar farko. Ikrima ya dube shi, da alama ya gane sauran zancen. Ya cire gilashinsa yana gogewa, ya ce gara ya faɗa masa da bakinsa: shekara biyu da suka wuce ya nemi Khaulat, ta ce masa a'a, wai ba za ta iya auren wanda zai yi mata zancen taurari a kan tuwo ba. Ya ce tun daga nan aiki ne kawai, kuma kwana takwas ke nan tana yin lissafi tana gogewa.

Daga bakin ƙofa Tasi'u ya rubuta:

"Malamata, na faɗi jarrabawa. Na karanta takardarki da agogon shagona. Ni na kawo Gwaggo da wuri. Ki yafe mini."

Amsa ta zo kafin ya kai titi:

"Wace takarda? Mai Sola, me ka yi?"

Ya kira ta ya yi bayani. Ta yi dariya, sannan ya ji kamar kuka take. Ta ce me ya hana shi tambaya. Ya ce so ya yi ya burge ta.

A Lajawa abin bai zo da sauƙi ba. Ya ce wa Gwaggo akwai agogo biyu. Ta ce rana ɗaya ce Allah Ya yi, ina aka samo agogo biyu? Ya ce huɗu ita ce biyar. Ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi yake. Ya koma kan taurari, ya ce ƙanana ne amma sun fi rana nauyi, haskensu kuma ba a ganinsa. Ta ce hasken da ba a gani ai duhu ke nan. Daga ƙarshe ta ce ya daina wahalar da kansa, gobe ya kai ta inda yarinyar ke aiki, kuma kada ya sanar da ita.

Khaulat tana gaban kwamfuta suka shigo. Ta zabura ta durƙusa. Gwaggo ta zauna ta ce a nuna mata abin da ya fi ta.

Khaulat ta buɗe hotunan. Ga ɗigon ranar farko. Ga shi ya dushe. Ga wurin babu komai. Gwaggo ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce ita dai kamar ƙwayar gero take gani a kan baƙin zane.

"Da ba ki tashi ba fa?"

"Da an makara, Gwaggo. Kafin a juya na'urar ya yi nisa da dushewa, kuma ba ya dawowa."

"Babu wani sai ke?"

"A wannan sa'ar ni aka bar wa."

"Wa ya kira ki?"

"Na'ura ce. Ikrima ni na kira shi daga baya."

Gwaggo ta gyara zama. Sannan ta ba su labarin da Tasi'u bai taɓa ji ba. Ranar kamun amaryar mahaifinsa, tana zaune da lalle a hannu, aka zo aka ce wata mata tana naƙuda a Darki. Ta kankare lallen ta tafi. Dangi suka yi wata guda ba sa yi mata magana. Ta ce ita har yanzu ba ta gane taurarin nan ba, kuma ba ta jin za ta gane. Amma ta san aikin da idan ya kira ba ya jira.

"Sai dai ni, idan na gama, nakan koma in ba da haƙuri da ƙafata. Ke kwana tara ban gan ki ba."

"Kunya ce ta hana ni, Gwaggo. Na yi kuskure."

"To. Ruwana fa? Ban sha ba."

Khaulat ta duba ko'ina. Babu kofin kirki a ɗakin sai na shayin Ikrima. Ta wanke shi sau uku, ta fasa ledar ruwa ta zuba, ta zo ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. Tasi'u ya kafa wa aljihunta ido yana addu'a a zuci. Wayar ba ta yi ƙara ba. Gwaggo ta karɓa ta shanye, ta ce Allah Ya yi mata albarka.

Saura kwana huɗu a ga wata manyan Tasi'u suka zo daga Lajawa da goro da alewa. Malam Sabo ya karɓe su a zauren nan, aka sa rana bayan ƙaramar salla.

A cikin azumi, wata Laraba da hantsi, saƙo ya shigo wayar Tasi'u:

"Mai Sola, eksiren ya fito. Ɗan ƙarami, amma yana nan. Ikrima ya ce ba zai zo ba, na ce a jira. Na saba da masu jinkiri."

"Alhamdu lillahi, Malamata. Ban gane ba, amma na fi kowa murna."

An ɗaura aure ranar Asabar a masallacin da ke kusa da gidan su Khaulat. Kafin a buga kati sai da Gwaggo ta aiko a tambaya ƙarfe sha ɗayan da aka sa don ɗaurin auren ta wane agogo ce. Ikrima ya karɓi gadin Khaulat na mako biyu, ya kuma zo ɗaurin aure da waya a hannu.

Da aka kai amarya bayan la'asar, mata suna duba jere suka ga agogon bango guda biyu a kan gado, har yanzu a kwalinsu. Gwaggo Barakatu ce ta saya. Ta sa aka kira ango ya kafa su gefe da gefe, ta tsaya a kansa har ya mayar da ɗaya baya da awa ɗaya. Ta dube su, ta girgiza kai, ta ce ita dai har gobe ba ta gane ba.

Sannan ta kama hannun Khaulat ta ɗora a kan na Tasi'u. Ta ce idan ɗayansu ya ga abin da ya ruɗa shi, ya buɗe baki ya tambaya. Ta roƙi Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya sa lokacinsu ya zo daidai, a kowane agogo aka duba. Ɗakin ya amsa da amin.